Zare Mai Rikiɗa: A Ba Shi Fili, A Ba Shi Suna

Da zarar hunturu ya kankama a Abuja, 'yan'uwanmu mata masu saƙar kwarashi sukan nufi kasuwar Wuse ko ta Garki neman ulu. Daga cikin zarurrukan da ake yayi akwai wani wanda launinsa ke sauyawa a hankali cikin ƙulli ɗaya, ya taso daga fari-fari, ya bi ta shuɗi-shuɗi, har ya ƙare a shuɗi mai duhu. A ganina, da yawa suna asarar kuɗinsu a kansa, domin suna yi masa irin saƙar da suka saba. Alhali kuwa in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Dalili shi ne, kowane launi yakan yi tafiya mai tsawo kafin ya miƙa wa na gaba. In aka saƙa safar jariri da shi, sai a gama ba a fita daga launin farko ba, ƙafa ta biyu kuma ta fito da wani launi daban. Wa zai sayi wannan? Abin da ya dace da shi babban aiki ne: bargon jariri, gyale, mayafin wuya, ko zagayayyar shimfiɗar tebur wadda ake farawa daga tsakiya, launi ya riƙa bazuwa kamar an jefa dutse a kududdufi. Saƙa mai sauƙi ta wadatar, zaren ne ke yin adon. In ƙulli ya ƙare, sai a ɗora sabo daga launin da aka tsaya, kada a ga gaɓa.

To, ina ruwan ɗalibin harshe da wannan? Ruwanmu shi ne suna. Mai saye takan kira shi da Turanci ko ta nuna da yatsa, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Bahaushe ba baƙon hawa-hawan launi ba ne. A marinar Ƙofar Mata ta Kano, yawan tsomawa a baba ne ke ƙara wa zane duhu. Harshen da ya bambanta ja-ja da ja wur ba zai gaza a nan ba.

Ni dai na ba da shawarar "zare mai rikiɗa". Wanda yake da wadda ta fi, ga fili ga mai doki.