ZANCEN GIDA: In Abu Ya Faɗa Masai

 Zancenmu na wannan wata ba mai daɗin ji ba ne a bakin tuwo, amma ya shafi kowane gida.

A nan Tsiga, da ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, yawancin gidajenmu masai na rami gare su. Mutum ya tsuguna, waya ko makulli ko kuɗin da ya sayar da masara su zame daga aljihu. Nan take zuciya ta ce masa ya nemi tsani. Kada ya yarda. A 2003, a birnin Mombasa na ƙasar Kenya, wayar wata ɗaliba ta faɗa masai, ta yi alkawarin lada ga wanda ya ciro ta. Maza 3 suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rayu. Na biyu da na uku ma ba wayar suka bi ba, ceto suka je.

Dalilin kuwa shi ne, ƙazanta in tana ruɓewa takan fid da muguwar iska mai warin ɓaragurbin ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a gindin rami take kwanciya. In ta yi yawa takan kashe hanci, mutum ya daina jin warin, ya zaci lafiya lau ne, sai jiri, sai suma. Kada kuma a zura ashana ko aci-bal-bal a ramin don dubawa, gama akwai wata iskar a ciki mai kama wuta. A haska da tocila, a ɗaura mata igiya, kada ita ma ta bi sahu. Daga sama za a gwada: gora mai ƙugiya, ko maganaɗisun tsohuwar lasifika a bakin igiya in makulli ne. Abin da bai fito ta haka ba, a haƙura da shi. Layin waya dai ana sāke shi a ofishin kamfani.

In yaro ne ya faɗa, wannan wata magana ce. A yi kururuwa, a buɗe bakin ramin iska ta shiga, a aika a kira 'yan kwana-kwana. Wanda zai sauka lalle a ɗaure shi da igiya, ƙarfafa suna riƙe da ita a sama. Ya ku iyaye mata, ku riƙa rufe bakin masai da murfi, ku kuma duba azarar da ke ƙarƙashin daɓe kafin ruwan Agusta, domin gara takan cinye ta ba a sani ba.

Masu bayan gida na ruwa, naku da sauƙi. A gindin kaskon akwai lanƙwasa mai riƙe ruwa don tare wari, a can cokali ko buroshi yakan maƙale. Kada ku ƙara kora ruwa, sai ku tura abin cikin bututu. Ku sa hannu cikin leda mai kauri ku laluba, in bai samu ba ku kira mai gyaran famfo ya ɗaga kaskon. Ku wanke hannu da sabulu bayan haka.

Toshewa kuwa yawanci mu ne muke jawo ta. Totuwar masara, da tsumma, da ledar ruwa, da ƙunzugun jarirai na zamani ba su narkewa (baƙi daga ƙauye a nuna musu wannan da ladabi, ba da tsawa ba). Ruwa in yana tsiyaya cikin kasko dare da rana, robar da ke gindin tanki ce ta ci, sai a canja ta. In kuwa duk magudanun gida suna dawo da ruwa, ramin tara ƙazanta ne ya cika. A kira masu kwashewa, su ma kada a bar ɗayansu ya sauka shi kaɗai.