Wasiƙa Zuwa Ga Masu Rainon Dashe: Ku Duba Saiwa Kafin Ku Ba Da Magani

Ƙannena da 'ya'yana masu lambu da masu sayar da dashe a bakin titi.

Na yaba muku ƙwarai. Kun cika garuruwanmu da mangwaro da gwaba da lemo da furanni, kuna neman halalinku cikin rana da ƙura. Allah Ya yi albarka. Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mutum zai dawo muku da kukan cewa ganyen dashen da ya saya ya koma ruwan ɗorawa, yana yaushi. Ba ku ga shukar ba, ba ku tambayi irin ƙasar ba, sai ku ce: "Ƙara mata ruwa, ka zuba yuriya." Wa ya koya muku haka?

Saiwa tana shaƙar iska. Idan ƙasa ta kwana ta yini a jiƙe sharkaf, ko tukunyar ba ta da huda a gindi, iska ba ta isa gare ta, sai ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jan ruwa, shi ya sa ganye ke yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. A nan ne ku kuma kuke cewa a ƙara ruwa! Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 nata nitrojin ne. A zuba ta jikin saiwar da ta riga ta galabaita, ƙona ta za ta yi, haka ma ɗanyen kashin kaji.

Dattawan da muka tarar a lambunan gefen kogin Jakara da jigo suke ban-ruwa. Kowane guga sai da gumi, don haka ba sa zuba ruwa sai sun cusa yatsa cikin ƙasa sun ji ta sha iska. In shuka ta canza kama, tonawa suke yi. Saiwa fara mai ƙwari lafiya ce. Baƙa mai laushi da wari, ruwa ya yi yawa. Mai ƙulu-ƙulu, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani. Wani lokacin ma gara ce ta cinye gindin. Allah Ya jiƙan mazan jiya. Yau injin ban-ruwa da tiyo sun sauƙaƙa ruwa, sai yatsa ya daina taɓa ƙasa.

Shi ma ganye yana faɗin damuwarsa. In tsofaffin ganye na ƙasa ne suka fara ɗorawa, galibi yunwar nitrojin ce, nan taki zai yi amfani. In sabon toho ne ya yi fari-fari amma jijiyoyinsa kore, kamar yadda ake gani a lemo, sinadarin ƙarfe ne ya gagari shukar, toka kuwa ƙara dagula lamarin take yi. Ku juya bayan ganye, farin ƙuda da sauran masu tsotse ruwan ganye can suke ɓuya. Bakin ganyen da ya bushe da hunturu, iska ce.

Wasunku sun san duk wannan, amma sun gwammace dashen ya mutu a dawo a sayi wani. Wannan cin amana ne, kuma wanda itacensa ya mutu sau biyu ba ya sake shuka na uku.

Ku gafarce ni in na yi zafi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Roƙona ɗaya ne: duk wanda ya kawo muku kukan shukarsa, ku tambaye shi sau nawa yake ba ta ruwa, ko tukunyar na da huda, kuma wane ganye ne ya fara sauyawa. In ya yiwu, ya kawo ta ku ga saiwar da idonku, sannan ku ba da magani.

Wassalam,
Dattijonku a sana'a.