Waya ta maƙale a tambari bayan sabuntawa? Filashin ba shi ne matakin farko ba

Ranar 19 ga Yulin 2024 kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows suka ƙi tashi a sassan duniya. An soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci. Sanadin kuwa sabuntawa ce mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda manhajarsa ke aiki a cikin kanel, wato zuciyar tsarin da ke haɗa manhajoji da sassan na'ura. In ƙaramar manhaja ta samu matsala, ita kaɗai ke rufewa. In kanel ce, na'urar gaba ɗaya ke faɗuwa.

Abin lura shi ne yadda aka yi gyaran. Injiniyoyi sun tambayi abin da ya canza kafin matsalar, suka kunna kwamfutocin a Safe Mode, suka cire fayil ɗaya tak. Bayanan mutane suna nan yadda suke.

Wayoyin Android ma a kan kanel ɗin Linux suke aiki, don haka Tecno ko Infinix ko Samsung na iya maƙalewa a tambari bayan sabuntawa. Sai dai a Daura, kamar sauran garuruwa, da an kai wa mai gyara irin wannan waya, abin da ake yawan ji shi ne sai an yi filashin. Wayar kan tashi, amma hotunan hawan sallah sun tafi, lambobin kwastomomin ɗan kasuwar Mai'adua sun tafi, haka ma darussan ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. An kashe maciji, an kuma karya sanda.

Kamata ya yi filashin ya zama mataki na ƙarshe. Da farko a cika caji, a cire memori, a danne maɓallin kunnawa har wayar ta sake tashi. In ta ƙi, a gwada Safe Mode, wanda ke dakatar da duk manhajojin da mai waya ya sauke. In ta tashi a nan, laifin na wata manhaja ne, sai a cire ta.

Masu gyara na da hujja: filashin ya fi sauri, kwastoma na gaggawa, wani lokacin kuma babu wata mafita. Duk da haka, hakkin mai waya ne a gaya masa abin da zai rasa kafin a taɓa komai.

Shi ma mai waya da nasa aikin. Ya ajiye kwafin lambobi da hotuna a asusun Google, kada ya fara sabuntawa da ɗan caji, musamman inda wuta ba ta da tabbas, kuma ya jira kwana biyu ko uku ya ji yadda sabuwar ta yi wa wasu.