Kujerar Da Ake Mantawa Da Ita A Ƙasar Gwarzo Da Kabo

Maganar yau ta shafi mutanen yammacin Kano ne, wato ƙasar Gwarzo da ta Kabo, da yadda suka saba jefa ƙuri'a tun farkon shigowar siyasa har zuwa wannan zamani.

Kutama ɗaya ce daga cikin gundumomi 10 na ƙaramar hukumar Gwarzo, tare da su Getso da Lakwaya da Mainika da Madadi. Idan babban zaɓe ya zo, mutumin Kutama yana da ƙuri'a biyar. Da ta farko yake zaɓen Shugaban Ƙasa, da ta biyu Sanatan Kano ta Arewa, da ta uku wakilin Gwarzo da Kabo a Majalisar Wakilai ta Tarayya, da ta huɗu Gwamna. Ta biyar kuwa ita ce ta wakilin Gwarzo a Majalisar Dokoki ta Jihar Kano, wadda ke da kujeru 40, Gwarzo da tata, Kabo da tata. Wannan ta biyar ita ce aka fi rainawa, alhali kuwa ita ce ta fi kusa da ƙofar gidan talaka.

Raina ta ɗin yana da asali. A zaɓen 1951 talaka bai zaɓi wakilinsa kai tsaye ba. Hawa-hawa aka yi, daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa lardi, kuma En'e tana da ikon ƙara mutanenta a hawan ƙarshe. Saboda haka NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta yi ƙarfi a ƙasa, amma ta rasa kujera a sama. A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959 maza baligai sun jefa ƙuri'a da hannunsu, kowane ɗan takara da akwatinsa, na NPC da alamar fartanya, na NEPU da alamar tauraro. Duk da haka hakimi da dagaci da alkali suna nan kusa, kowa kuwa ya san inda ransu yake. A wannan zamani Alhaji Bello Dandago, Sarkin Dawaki Mai Tuta, shi ya wakilci Gwarzo ta Gabas a Majalisar Ikko a ƙarƙashin NPC. Tun daga nan jama'a suka koyi duban alama da duban babban da ke bayan alamar, sunan wakili kuwa ya zo daga baya.

An yanke Jihar Kano a 1967, aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, Gwarzo ta zama ɗaya daga cikin guda 20 na jihar a lokacin. Da aka koma mulkin farar hula a 1979, matan Arewa suka shiga babban zaɓe karo na farko. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi, ta ci Gwamna da Alhaji Abubakar Rimi, ta kuma kwashe mafi yawan kujerun Majalisar Jiha. Ba a jima ba ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane wakili ya bi ubangidansa. Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, Sabo Bakin Zuwo ya ci Gwamna a shekarar, soja suka karɓe mulki kafin ta ƙare. A 1991 rigimar cikin gida ta sa SDP ta rasa kujerar Gwamna, Kabiru Gaya na NRC ya hau, amma rinjayen Majalisa ya tsaya a hannun SDP. Wannan ya nuna Bakano yana iya raba ƙuri'arsa idan ya ga dalili.

Daga 1999 zuwa yau, mulkin Kano bai daɗe a hannu guda ba. Kwankwaso ya ci a PDP a 1999, Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da shi a ANPP a 2003, Kwankwaso ya dawo a 2011, Ganduje ya hau a APC a 2015, Abba Kabir Yusuf ya ci a NNPP a 2023. Kowane karo rinjayen Majalisa yakan bi inda Gwamna ya bi, domin galibi rana ɗaya ake zaɓensu, kuma tun zamanin da kalmar “sak” ta shigo bakin jama'a, mutum yakan dangwala wa alama ɗaya daga sama har ƙasa ba tare da ya tambayi sunan kowa ba.

Lalle ƙasar Gwarzo da Kabo ba ta rasa manya ba a cikin waɗannan shekaru. Bello Hayatu Gwarzo ya zama Sanatan Kano ta Arewa a 1999. A 2007 Aminu Sule Garo, mutumin ƙasar Kabo, ya tsaya a ANPP aka ba shi nasara, daga baya kotu ta mayar wa Bello Hayatu kujerar, har ya riƙe muƙamin mai tsawatarwa na Majalisar Dattawa daga 2011 zuwa 2015. Barau Jibrin, shi ma mutumin Kabo, ya karɓi kujerar a APC a 2015, aka sake zaɓensa a 2019 da 2023, ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a watan Yuni 2023. Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo ya yi Mataimakin Gwamna daga 2007 zuwa 2011, ya kuma yi ƙaramin Ministan Gidaje daga 2023 zuwa 2024. A zaɓen Gwamna na 18 ga Maris 2023 abin ya kai maƙura, domin mataimakan manyan 'yan takara biyu duk 'yan ƙasar ne: Aminu Abdussalam Gwarzo yana tare da Abba Kabir Yusuf, Murtala Sule Garo yana tare da Nasiru Yusuf Gawuna. Abba ya sami ƙuri'a 1,019,602, Gawuna ya sami 890,705, NNPP ta ci kujeru 26 na Majalisar Jiha, APC ta ci 14. A shekarar nan kuma, ko da yake Kwankwaso ne ya ci Kano a zaɓen Shugaban Ƙasa, kujerar Sanatan Kano ta Arewa ta tsaya a APC.

Abin da wannan tarihi ya nuna a fili yake. Jam'iyyu suna zuwa suna wucewa, amma ƙuri'ar wannan ƙasa gidaje da manyan mutane take bi. Babu laifi mutum ya so ɗan garinsu. Laifin yana nan ne inda yawan manya ya rufe wa jama'a ido, har kujerar Majalisar Jiha ta zama kamar gyara a kan ciniki, ubangida ya miƙa wa yaron da ya ga dama.

To, ga abin da wannan kujera take iya yi. A watan Mayu 2019 Majalisar Dokoki ta Kano ta yi dokar da ta kafa sababbin masarautu huɗu, Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, aka wayi gari Gwarzo da Kabo suna ƙarƙashin Sarkin Ƙaraye. Kotu ta soke dokar a watan Nuwamba, Majalisa ta sake yin ta a watan Disamba. Ran 23 ga Mayu 2024 wata Majalisar ta soke ta, hakiman Gwarzo da Kabo suka koma kai gaisuwa Kano. A cikin shekara biyar an sauya wa dagacin Kutama sarki sau biyu, kuma ba Sanata ya yi ba, ba Minista ba, masu kujeru 40 ɗin nan ne. Ko mutum yana ganin raba masarautar ne daidai, ko yana ganin haɗe ta ne daidai, tambayar guda ce: mutum nawa ne a Kutama suka san inda wakilinsu ya ɗaga hannu a ranakun nan?

Haka kuma Gwamna ba shi da ikon taɓa kuɗin jiha sai Majalisa ta amince da kasafinsa. A can ake yanke ko za a gyara hanyar ƙauye kafin damina, ko asibitin Gwarzo zai sami ma'aikata, ko ruwan madatsun Guzuguzu da Magaga zai isa gonakin rani, ko makarantar da iska ta yaye za ta sami rufi. Majalisa ce ke tantance kwamishinoni, ita ke yin dokar ƙananan hukumomi, ita ke da ikon bincikar ma'aikatu, har ma da tsige Gwamna ko Mataimakinsa bisa sashe na 188 na Tsarin Mulkin 1999. Wakilin da ya shiga a inuwar ubangida, wa zai bincika? Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Saboda haka ya kamata mutanen Kutama da Getso da Garo da Gude su fara auna wannan kujera ita kaɗai. Tun kafin zaɓen fid da gwani a san masu nema, domin a nan ake gama rabin aikin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke kan kujera, a kira shi gari sau ɗaya a shekara ya faɗi abin da aka rubuta wa mazaɓarsa a kasafi, da abin da aka aikata daga ciki. Rabon shinkafa da babura alheri ne, amma ba shi ne aikin da aka aike shi ba. Malamai da dattawa da ƙungiyoyin manoma da na mata su ne suka fi cancanta su riƙe wannan hisabi. Idan wakili ya ci amana, sashe na 110 ya ba jama'a ikon yi masa kiranye, muddin fiye da rabin masu rajista sun sa hannu. Hanya ce mai wuya, amma wakilin da ya san jama'arsa sun santa ba zai yi barci a zaure ba.

Mutanen da suka iya bai wa wata jam'iyya Sanata, jiharsu ta bai wa wata Gwamna a shekara guda, ba za su kasa karanta suna ɗaya a ƙarƙashin alama ba. Allah ya sa a zaɓi masu amana.