Yanke Wa Kyanwa da Kare Farce Ba da Danniya Ba

Karen farauta da ke yini yana sassarfa a kan tsandauri, da kyanwar da ke hawa bishiya tana karce kututture, ƙasa da itace ne ke rage musu tsawon farce. Amma dabbar da aka killace a gidan siminti da tayil, wadda ba ta taka komai sai santsi, faratanta sukan yi tsawo har su lanƙwasa su nutse cikin tafin dagi, musamman in tsufa ya kama ta. A nan yanka ya wajaba a kan mai ita, kuma a nan ne nake ganin mafi yawanmu muke kuskure, domin mukan kira ƙarti biyu su danne dabba, a gama a cikin kuka da yakushi, mu ɗauka an yi nasara.

Dalilin tsoron da dabba ke ji kuwa sananne ne. A cikin kowane farce akwai tsoka mai rai, da jini da jijiya, wadda ake hango ta ja-ja a farcen kyanwa, amma baƙin farcen kare yakan ɓoye ta. In almakashi ya taɓa ta sau ɗaya, dabba ba ta mantawa, gama wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ivan Pavlov, masanin nan na Rasha da ya sami kyautar Nobel a 1904, ya tabbatar a kan karnuka cewa dabba tana ƙulla alama da abin da ya saba biyo bayanta, kuma hanyar da tsoro ya shiga, ta ita ake fitar da shi. Sai a ajiye almakashin kusa da akushinta kwana da kwanaki. A riƙa shafa daginta tana kwance cikin natsuwa, a bi da ɗan ƙilishi marar yaji ko busasshen kifi. Sannan, in ta daina janye ƙafa, a datse tsinin farce ɗaya tak, a ba ta lada, a ƙyale ta. Kyanwa farce 18 gare ta, kuma babu wanda ya shar'anta a gama su a zama guda.

Wani zai ce wannan wahala ta yi yawa a kan kare, alhali a mazhabar Imam Malik, wadda muke bi, kowane mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, kuma ingantaccen hadisi ya ba da labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Wanda ya tsare dabba a gidansa ya ɗauki amanarta, har da ta faratanta.

In an yi rashin sa'a jini ya fito, a danna garin sitaci a wurin, a dakata sai wata rana. Karen da ya kai ga yaƙe haƙora kuwa, kada a yi jayayya da shi, balle in ba a yi masa allurar rigakafin hauka ba; a kai shi wurin likitan dabbobi, wanda yake da maganin da zai kwantar da shi kafin a taɓa ƙafarsa.