Makin Zamfara da Ɗan Maitama: Wa Ke Cin Guraben Arewa a Makarantun Haɗaka?

Kusan kowace shekara, da zarar hukumar NECO ta fitar da sakamakon jarrabawar shiga makarantun haɗaka na gwamnatin tarayya, akwai wani tsohon jadawali da yakan sake bayyana a WhatsApp da Facebook. Na shekarar 2013 ne, kuma yana nuna mafi ƙarancin makin da aka yanke wa kowace jiha daga cikin maki 200. An nemi ɗan Anambara ya kawo 139, ɗan Imo 138. Yaron Yobe maki 2 ya ishe shi, na Zamfara 4, yarinyar Zamfara kuwa 2. Daga nan sai cacar baki ta ɓarke. 'Yan kudu su ce ana yanka cancanta a gaban idon kowa, 'yan arewa su mayar da martani da tarihin yadda boko ya riga isa bakin teku da kusan shekaru sittin. Bayan mako guda ƙura ta lafa, kowa ya koma harkarsa, ba tare da an tsaya an duba wane yaro ne yake zama a kan kujerar da aka ware da sunan Zamfara ba.

Sai an waiwayi asalin makarantun kafin a fahimci rigimar. King's College ta Legas ta soma a 1909, Queen's College a 1927, amma tunanin haɗa yaran yankuna a ɗakin kwana ɗaya ya samo tushe ne daga kwalejojin da aka buɗe a Sakkwato da Warri da Okposi a 1966. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta faɗaɗa tsarin, har yau adadinsu ya haura ɗari. Tun farko manufa biyu aka ɗora musu: su zama makarantun zaƙaƙurai, su kuma zama wurin da ɗan Argungu zai raba kwanon abinci da ɗan Abakaliki. Matsalar ita ce manufofin biyu ba sa tafiya tare cikin sauƙi. Idan aka bi maki zalla, jihohi kaɗan ne za su cika azuzuwan. Idan aka bi rabon jihohi zalla, sunan zaƙaƙuranci ya tafi. Abin da ma'aikatar ilimi take sanarwa a 'yan shekarun nan shi ne kashi 60 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 30 bisa daidaiton jihohi, kashi 10 kuma bisa abin da ta kira lalura. Wannan kashi goman na ƙarshe, duk wanda ya san yadda ake harka a ma'aikatun Abuja zai iya hasashen irin lalurar da aka fi saurara.

Kotuna ma sun taɓa maganar. A ƙarshen shekarun 1980 aka shigar da ƙarar da aka sani da shari'ar Badejo, a madadin wata yarinya 'yar asalin Ogun da ba a kira ta ganawa ba alhali an kira waɗanda ta fi maki daga wasu jihohi. Sai a 1996 Kotun Ƙoli ta rufe batun, lokacin da yarinyar ta daɗe da wuce shekarun shiga aji ɗaya. A 2014 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta amince da ƙarar babban lauya Olisa Agbakoba, ta ce bambanta maki bisa jihar asali ya saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulki, wanda ya haramta wariya. Masu kare tsarin su ma da nasu sashen, na 14, mai maganar daidaiton wakilci. Rabon jihohi dai bai gushe ba.

To, ta yaya maki yake faɗuwa har ya kai 2? Babu wani jami'i da ya zauna ya yanke cewa basirar yaron Yobe ba ta wuce haka ba. Lissafi ne kawai: idan jiha tana da gurabe masu yawa, masu nema kuma 'yan kaɗan ne, dole a yi ta gangarowa cikin jerin sunaye har a kai ga na ƙarshe. A 2018 ma'aikatar ilimi ta koka cewa yara 28 kacal ne suka yi rajista daga Zamfara, a lokacin da Legas ke da fiye da dubu ashirin. Jihar da ke da miliyoyin mutane ta turo abin da bai cika aji ɗaya ba. Saboda haka ƙaramin makin hoto ne na ƙarancin masu shiga gasar, kuma abin kunyar da ke cikinsa na gwamnatocin jihohi da hukumomin ilimin firamare ne. Yaron da ya ci maki 2 a jarrabawar da ake zaɓar amsa ɗaya daga cikin jeri, inda ko canki-canka kan ba da abin da ya fi haka, mai yiwuwa ranar ce ya fara ganin takardar da ake cikewa da fensir don na'ura ta karanta.

Sai dai akwai dalilin ƙin turo yara da bai kamata a raina ba. A watan Fabrairun 2014 'yan Boko Haram suka kashe ɗalibai da dama a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi suna cikin barci. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga ta Birnin Yawuri, wasu 'yan matan sun kusa shekara biyu a daji. Tsakanin waɗannan akwai Ƙanƙara a Disambar 2020 da Kagara a Fabrairun 2021, dukkansu makarantun kimiyya na kwana. Uban da ya ga haka ya hana ɗansa mai shekara goma sha ɗaya tafiya makarantar kwana, babu mai hujjar kiransa jahili.

Yanzu a dawo kan kujerar. Rabon jihohi yana bin jihar asali ne, wato abin da takardar shaidar ƙaramar hukuma ta nuna, ko a ina yaro ya tashi. A ɗauki yara biyu. Na farko ɗan babban darakta ne, an haife shi a Abuja, ya yi firamare mai tsada a Maitama, Turanci ne harshen da ya fi sakewa a ciki, amma kakansa mutumin Anka ne, don haka takardarsa ta Zamfara ce. Na biyu yana can Anka ɗin, ajinsu ya fi mutum ɗari, malaminsa yana haɗa koyarwa da noma. A idon tsarin, su biyun 'yan jihar da aka bari a baya ne, kuma gurbi ɗaya suke nema. Ba sai an yi duba ba a san wanda zai samu. A ɗaya gefen kuma ga ɗan mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Garin Kano, wanda a Kano aka yanke cibiyarsa, ya yi firamaren gwamnati mai cunkoso kamar kowane ɗan unguwa, amma za a auna shi da makin Anambara. An tsara rangwamen don yaron da makarantarsa ta gaza masa, ya ƙare a hannun wanda makarantarsa ba ta rage shi da komai ba.

Wannan ita ce maganar da 'yan bokon arewa ba su cika son a tayar ba, domin da yawa daga cikin masu kare rabon jihohi da zafi, 'ya'yansu ne masu cin moriyarsa. Ana ɗaga hoton almajiri a wajen muhawara, a wajen rabo kuma a miƙa sunan ɗan gida.

Abin da ya fi raba yaran biyu shi ne shiri. Jarrabawar ta ƙunshi lissafi da Turanci da kimiyya da darussan zaman al'umma, sannan da wani ɓangare na gwajin kaifin tunani a kalmomi da lambobi. A ƙa'ida wannan ɓangaren ana nufin ya auna basirar da ba ta dogara da abin da aka koyar ba. A aikace shi ne ya fi karɓar horo. Tambayoyin suna da salo mai maimaita kansa: jerin lambobi da ake neman na gaba, kalmomin da aka juya haruffansu, siffofi masu ɓoye ƙa'idar tarawa ko ninkawa. Yaron da ya warware ɗari biyar irinsu zai gane salon kafin ya gama karanta tambayar. Wanda bai taɓa gani ba zai ɓata minti biyar yana neman abin da ake so da shi, kuma cikin harshen da ba da shi yake mafarki ba. Shi ya sa wata kasuwa ta tsiro a gefen jarrabawar. Makarantun kuɗi suna mayar da aji biyar da aji shida sansanin atisaye, ana sayen littattafan tsofaffin tambayoyi irin na Ugo C. Ugo, ana ɗaukar malamin lesin ya zo gida bayan la'asar, ana yin gwaji da agogo a ranakun Asabar. Wasu iyayen ma tun daga aji huɗu ko biyar suke tura yaro ya zauna jarrabawar, ko don ya saba, ko don ya tsallake aji shida, abin da ma'aikatar ilimi ta sha kokawa a kai. Rajistar kanta ta intanet ake yi, da kuɗi da hoto, kuma sai wani ya san lokacin buɗewa da rufewa. A ƙauyuka da yawa babu wanda aikinsa ne ya sani.

Babu laifin uba a nan. Duk mai hali zai shirya ɗansa, kuma hana lesin ba abu ne mai yiwuwa ba. Abin lura shi ne jarrabawar da ake iya sayen shirinta ba za ta iya zama alƙali ita kaɗai ba, kuma masu cewa a soke rabon jihohi a bar maki ya yi hukunci ya kamata su leƙa birnin New York. A can, wata doka ta 1971 ta wajabta cewa jarrabawa guda ce tak za ta buɗe ƙofar manyan makarantun gwamnati irin su Stuyvesant da Bronx Science. Babu jiha, babu ƙabila, babu alfarma. A 2019, daga cikin gurabe 895 da Stuyvesant ta bayar, bakwai ne suka je ga ɗalibai baƙar fata, a birnin da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka ne mafi rinjaye a makarantun gwamnati. Da magajin garin na lokacin, Bill de Blasio, ya nemi a sauya tsarin, iyaye 'yan asalin Asiya, waɗanda da yawansu baƙin haure ne masu ƙaramin ƙarfi da suka matse bakin aljihu don biyan kuɗin lesin, suka tashi tsaye, kuma jarrabawar ta tsira. Su ma da gaskiyarsu. Amma sakamakon ya nuna cewa maki zalla yana auna wanda aka shirya ne kafin ya auna wanda ya iya.

Arewa tana da nata misalin a gida, kuma ya fi na waje amfani. A 1977 Jihar Kano, da ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan jiha, ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya aka ƙara wasu, har da ta 'yan mata a Taura. Ba a nemi a sassauta wa kowa maki a Legas ba. An zaɓo yara ta hanyar jarrabawa bayan sun riga sun yi 'yan shekaru a sakandare, aka tara su wuri guda, aka zuba musu malamai da ɗakunan gwaji. Duk wanda ya shiga asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ko sassan injiniya na jami'o'in yankin, zai tarar da tsofaffin ɗaliban Dawaki, kuma da yawansu 'ya'yan manoma ne da ƙananan 'yan kasuwa. Hikimar da ke ciki ita ce jinkirta tacewar. A shekara goma sha ɗaya, abin da jarrabawa take gani galibi gidan da yaro ya fito ne. A shekara goma sha huɗu ko sha biyar, bayan ya samu ɗan lokaci da Turanci da lissafi, ƙoƙarinsa na kansa ya fara bayyana.

Gyaran da ake buƙata a makarantun haɗaka bai kai wahalar da ake zato ba. Kashi talatin ɗin da aka ware don daidaito a ɗaure shi da makarantar da yaro ya yi firamare, a bar batun garin kakansa. Wanda ya yi aji huɗu zuwa shida a firamaren gwamnati a Zamfara shi ne ɗan Zamfara a wannan lissafin, ko sunansa Sani ko Chinedu. Ɗan Maitama ya shiga sahun kashi sittin na cancanta, inda yake da duk makaman da ake buƙata. Za a yi maguɗi, tabbas, za a samu masu sayen shaidar hedimasta kamar yadda ake sayen ta ƙaramar hukuma a yau. Amma rajistar makaranta tana barin sawu na shekaru, kuma bincikenta ya fi binciken asalin kaka sauƙi. Ma'aikatar ilimi kuma ta riƙa wallafa, jiha-jiha, yawan waɗanda aka ɗauka daga firamaren gwamnati da na kuɗi. Wannan adadi guda zai faɗi abin da jadawalin 2013 ya ɓoye.

Sauran aikin na gwamnonin arewa ne, kuma ba ya buƙatar izinin Abuja. Biya wa zaƙaƙuran aji shida kuɗin rajista a kowace ƙaramar hukuma, da raba littafin tsofaffin tambayoyi ga kowace firamare, da ware awa biyu a mako a zangon ƙarshe don yara su saba da salon tambayoyin da cike takardar amsa, duka ba za su ci kuɗin gadar sama ɗaya daga cikin waɗanda ake ta ginawa a manyan biranen yankin ba. Zamfara da ta turo 28 a 2018, zuwa 2021 masu rajista daga cikinta sun kai dubbai. Yaran suna nan tun da can, a azuzuwan da suke zaune a ƙasa, ranar da aka buga jadawalin da ya ce maki 4 ne darajarsu.