Dantse Ba Ya Gano Gubar Dalma

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook zai iya cin karo da irin bidiyon nan. Mutum ya miƙe hannu, mai "gwaji" ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannun ya danna ƙasa, hannu ya tsaya ƙyam. Sai a ba shi ƙullin sukari ko wata kwalba ya riƙe, a sake dannawa, hannu ya faɗi. Wai jiki ya yi magana ke nan: hantarka ta gaji, ko abinci kaza ne ke cutar da kai. Ga kuma maganin da jikinka ya "zaɓa", kuɗinsa kaza.

Abin ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke mai gyaran ƙashin baya da tausa, George Goodheart, ya ƙirƙiro shi a 1964, da da'awar cewa kowace tsoka tana da alaƙa da wata gaɓa ta cikin jiki. Likitan gaske ma yakan gwada ƙarfin hannu, misali ga wanda ake zargin shanyewar ɓarin jiki, amma tsoka da jijiya yake dubawa, ba ya cewa ya hango hanta.

To me ke sa hannun ya faɗi? Mai dannawar ne. Ya ɗan sauya kusurwa, ya ƙara ƙarfi, ko ya danna kafin ka shirya. Wani lokaci shi kansa bai san yana yi ba, kai ma kana saki saboda abin da kake tsammani ke nan. A 1988 masu bincike a Amurka sun sa ƙwararrun wannan gwaji su gano masu ƙarancin sinadarai kamar bitamin A da C, aka kwatanta da gwajin ɗakin bincike. Sakamakonsu bai fi canki-canki ba. Da irin wannan wasan hannu aka tallata abin hannun roba na Power Balance, har hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta tilasta wa kamfanin ya amsa a 2010 cewa ba shi da hujjar kimiyya.

A nan gida abin yana da ɗan'uwa da muka fi sani: "gwajin kwamfuta". Ka riƙe ɗan ƙarfe minti ɗaya, allo ya zubo maka cututtuka jere, ba a ɗebi jini ba, ba a karɓi fitsari ba. Kuma mai na'urar shi ne mai sayar da maganin. Ai kowa ya san inda za a ƙare.

Wani zai ce to mene ne, in bai yi amfani ba ai bai cutar ba. Mu 'yan Adabka bai kamata mu faɗi haka ba. A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Amai, farfaɗiya, suma. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika jini ɗakin gwaji aka gane gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Na'urar da ake auna jini da ita a ƙauye tana tsayawa a maki 65, jinin yara da yawa ya wuce abin da take iya karantawa.

Jinin nan ne ya nuna wa za a ba maganin fitar da guba, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013. Abin tsoro da dalma shi ne yaro zai iya ɗauke da ita yana wasa, yana gudu, dantsensa da ƙarfi, ita kuwa tana cin ƙwaƙwalwarsa a hankali. Yanzu a ce an danna hannun wannan yaro an ce wa uwarsa lafiya lau. Ta koma gida da kwanciyar hankali, watanni su wuce. Kuɗin da aka karɓa a hannunta ƙaramar asara ce a kan wannan.

Na san uzurin, kuma ba na raina shi. Asibiti da nisa, hanya ba tsaro, gwaji da tsada, shi kuwa mai danna hannu yana nan kusa kuma yana sauraronka da fara'a. Amma haƙar zinare ba ta tsaya ba, don haka maganar dalma ba tarihi ba ce. Abin da ya kamata mu cika intanet da shi shi ne neman a samar da gwajin jini a asibitocin Anka, Bukkuyum da Gummi, maimakon tura wa iyayenmu bidiyon dantse a WhatsApp.

In kuma wani ya dage sai ya gwada ka, ka ce ka yarda, da sharaɗi ɗaya. A zuba sukari a wasu ƙunshi, gishiri a wasu, wani daban ya naɗe su yadda kai da shi ba ku san wanne ne wanne ba. Ya danna hannunka sau ashirin, a rubuta amsoshinsa, sannan a kwance ƙunshin a gaban jama'a.